Sunan Wa Ke Saman Shafin Baba?

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririyarku. Allah ya raya ta, ya ƙara maka buɗi a wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan wanda ya bar famfo a buɗe, ka ga kuwa lafiya ta samu. Na zaɓi in rubuto da biro ne maimakon in kira ka, don na san halinka. A waya, kafin in kai ƙarshen magana ka sa ni dariya na manta abin da ya kawo ni.

Maganar shafin intanet ɗin nan ce da ka ce a yi wa shagon hoton marigayi Baba, don mutane su riƙa neman tsofaffin hotunan iyayensu. Abokinka Dogo da ka turo ya zo, ya zauna a kujerar Baba ba tare da an ce masa zauna ba, ya jawo kwamfutar shago. Ya ce ba daga tushe zai fara ba, akwai shiryayyen tsari da masu aikin ke saukewa daga intanet, kamar gidan da aka gama ginawa saura a zuba kaya. Ya buɗe wani baƙin allo yana ta buga rubutu, layuka na gudu, ya ce wurin ajiyar bayanai yake haɗawa. Da ya zo sa kalmar sirri sai ya kare allon da kafaɗa. Tun daga nan na sa masa ido.

Da shafin ya buɗe, cike yake da hotunan wasu mutane masu fararen haƙora da ban taɓa gani ba, da rubutu cikin wani harshe da shi kansa bai iya karantawa. Ya ce samfuri ne, za a cire. Na gwada a wayata, shafin ya ƙi buɗewa. Ya ce ai a cikin kwamfutar shago kaɗai yake zaune, sai an gama gwaji a ɗora shi inda kowa zai gani. Ban yarda ba. Yana fita na zare wayar intanet ɗin daga bango na sake gwadawa a kwamfutar, sai ga shafin ya buɗe sarai. To, a nan kam gaskiya ya faɗa, ba zan yi masa sharri ba.

Mako uku na yi ina ɗaukar hotunan da na'urar sikana zuwa cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ina kwafe sunayen da Baba ya rubuta a bayansu da fensir. Ka san rubutun Baba, wani sunan sai na kai wa Inna ta tuno mai shi. Akwati goma na hotuna na gama, bayana har yanzu bai yafe mini ba. Ban yi ƙorafi ba, don daɗi nake ji, kamar muna zaune da shi ne.

Ranar Talata na ce bari in gyara sunan da ke saman shafin. Taskar Auta aka rubuta, ba sunan da ke allon ƙofar shago shekara arba'in ba. Na ɗauka tsokanar Dogo ce. Na danna in canza, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Na yi ta lalube har na faɗa jerin masu shiga shafin. Suna uku ne: kai da Dogo shugabanni, ni kuma mai shigar da rubutu. Wato zan iya zubawa, amma ba zan iya cirewa ko canzawa ba. Da na tare Dogo sai ya hau sosa ƙeya, wai haka tsarin ke zuwa. Na tambaye shi ko waɗanda suka shirya tsarin sun halarci sunanka ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce kai ka turo masa sunan, kai kuma ka tsara matsayin kowa. Ya ƙara da cewa ka ce ya kwashe komai a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya turo maka. Na ce masa filash ɗin ya jira.

Auta, raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Shekara goma sha shida ni ke buɗe shagon nan, tun da idon Baba ya fara rauni. Wataƙila kana da dalili, wataƙila kuma Dogo ne ya laƙa maka. Amma na tuna zuwanka na ƙarshe, da ka tsaya bakin ƙofa ka ce wurin nan zai yi kyau da kantin magani, ka yi dariya. Ni ma na yi a lokacin. Ka gaya mini dalla-dalla: ranar da aka ɗora shafin nan, hotunan Baba na wa za su zama? Idan kuma sun koma hannunka, me ya rage a shagon da zai hana a sayar da shi?

Na kulle kwamfutar a kabad ɗin kyamarorin Baba, makullin yana jakata. Inna ba ta san komai ba, kuma ba na son ta ji daga bakina. Akwati ɗaya ya rage ban taɓa ba, namu na gida. A sama akwai hoton nan da nake goye da kai ina 'yar shekara tara, kana ta tsala kuka don Baba ya hana ka taɓa kyamara. Wannan akwatin ba zai shiga ba sai na ga amsarka, da rubutun hannunka.

Inna na gaishe ku, ta ce a turo hoton jikarta. Kawu da Gwaggo da maigidana duk suna gaisuwa. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan 'yata. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
wadda ta goya ka, wadda kuma shafinka ya ce mai shigar da rubutu ce.