Takardar Sallamar Malam Idi

Agiye, Laraba da dare, watan Afrilu 1985

Raina a ɓace yake, karatu ma ya gagara. Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, na tarar da Alhaji Sani da sauran manyan ƙungiyar ƙwallon garinmu. Wai tunda ina kolej, ni zan rubuta musu takardar sallamar Malam Idi da Faransanci, don ta yi nauyi.

Malam Idi fa! Tun ban shiga makarantar lakol ba yake horar da 'yan wasan nan. Alhaji ya ce, "'Yan Cadawa sun ci mu, 'yan Gazawa sun ci mu. Tsoho ya gaji, ko gudun zagaye fili ya daina sa su." To da wane ƙarfi za su yi gudun? Rabinsu yunwa ta kora su Katsina, sauran sau ɗaya suke cin abinci a yini. Yaya Hamisu suma ya yi a fili, Malam Idi ya kawo shi gida a keke, daga ranar ya hana gudun. Yaya ya roƙe ni kada Baba ya ji.

Na riƙe bik ɗin rubutu, kaina a sunkuye. Baba ya ce, "Rabi, muna jiranki." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan rubuta ba. A tambayi Yaya abin da ya sa aka daina gudun." Alhaji ya ce, "Abin da ake koya muku ke nan, musu da manya?"

Yaya zai yi fushi da ni, na sani. Amma tun bayan isha'i Baba ya kira shi ɗaki, har yanzu ba su fito ba.