Kujera, Madubi, Zarto

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau na sha kunya a gaban Baba Kafinta. Jiya na gyara zanen kabad ɗin matar likita a kwamfuta, na rage faɗinsa saboda ƙofar ɗakinta matsattsiya ce. Da safe na je shago na buɗe waya na nuna masa, ashe tsohon zanen ne a ciki, ni ban lura ba. Har ya sa zarto a katako kafin idona ya faɗa kan awon. Bai yi faɗa ba, bawan Allah. Ya ce abin da ya yanka zai yi kantar ajiye kaya da shi, babu asara. Da ni aka yi wa haka, da an ji mu har bakin titi. Allah ya saka masa da alheri.

Tun da na fara zanen kayan katako, duk abin da na ajiye a kwamfuta yakan bayyana a waya da kansa, hotunan waya kuma su zo kwamfuta. Yanzu kibiyoyin nan biyu na kan allo, masu nuna ana tura abu, sai juyawa suke yi, babu abin da ke wucewa.

Na kira gidan Yaya. Matar Yaya ta kai wa Mama wayar, na ji numfashinta, na yi ta surutu ni kaɗai. Can matar Yaya ta karɓa ta ce Mama ta juya fuska bango. Tun da ɓarin jikinta ya shanye aka kai ta can, ban ji kalma ɗaya daga bakinta ba. Matar da in ta fara yi mini faɗa sai maƙwabta sun rufe taga.

Talata, 7 ga Oktoba

Na kashe waya na kunna. Na kashe kwamfuta na kunna. Na fita daga asusuna na intanet na sake shiga, na manta kalmar sirri, na ɓata rabin safiya ina canzawa. Na duba ko agogon wayar ne ya kauce, lafiyarsa ƙalau. Na canza wa fayil ɗin suna, wai ko tsawon sunan ne. Yanzu ina da zanen kabad iri-iri, ban san wanne ne na gaskiya ba. Saura kaɗan na buga wayar da ƙasa, sai na tuna ba ni da wata.

Ƙarshe dai da hannu na kwafi awon a takarda na kai wa Baba Kafinta. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, mun koma gidan jiya ke nan."

Laraba, 8 ga Oktoba

Kibiyoyin suna nan suna juyawa. Yaya ya ce yaushe zan zo. Na ce aiki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Alhamdu lillahi da Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da Mai Firinta. Shagonta na jikin namu, shekarunmu ɗaya, bakinmu ma ɗaya wajen kaifi. Ta ga na shigo ina huci, ta ce in ajiye kayan in zauna kafin in ƙona mata takardu.

Ba ta daɗe ba ta gano. Ma'ajiyar da ke intanet ce ta cika maƙil, shi ya sa sabon abu ba ya shiga, ba ya fita. Na ce ƙarya ne, zane nawa gare ni? Ta buɗe wurin da ake ganin na'urorin da ke kan asusun. Kwamfutata, wayata, sai kuma wata waya. Ta ce, "Wannan fa ta wa ce, ko kina da wanda ba mu sani ba?" Na kai mata duka.

Sai da na ga samfurin wayar na tuna. Tsohuwar wayata ce da na ba Mama bara, ban fitar da asusuna daga ciki ba. Bidiyoyi ne birjik daga can suka cika mini wuri. Raina ya ɓaci, na ce 'ya'yan Yaya ne suka mayar da wayar tsohuwa abin wasa. Na zaɓe su duka zan goge.

Mai Firinta ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Ke dai gaggawa za ta kashe ki. Abin da kika goge a nan, ya gogu a can ma. Ba kwafi ba ne, abu ɗaya ne kuke gani ku biyu. Buɗe ɗaya tukuna."

Na buɗe. Fuskar Mama ce ta cika allon, kusa sosai, ɗankwalinta ya karkace. Gefen bakinta na dama ya saki. Tana kallon kanta tana motsa leɓe, ta yi, ta sake, ta sake. Sai na ji: "Ku... je... ra."

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin takardu ba. Mai Firinta ta ja labulen shago, ta tafi wai sayen ruwa. Ta daɗe ba ta dawo ba, kuma na gode mata da hakan.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban goge ba. Da na goge fa?

Na kalli da yawa kafin in fita aiki. Kujera. Tebur. Madubi, wannan ya ba ta wuya, har ta yi tsaki. Tsakin nan bai shanye ba, yana nan yadda na san shi. Na yi dariya ina kuka kamar wata taɓaɓɓiya.

Amma kuma ina jin kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ba don ni ta yi su ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wani abu ya tsaya mini a rai. A wani bidiyon Mama cewa take yi "zarto". A wani "ƙusa". Ina ruwan Mama da zarto? Mutumin da ke koyon magana ai da ruwa zai fara, ko kofi, ko sunan jikokinsa.

Na kira matar Yaya na faɗa mata komai. Ta ce in rufa mata asiri, Mama ce ta hana a gaya wa kowa. Wai ma'aikaciyar asibiti ce ta ce Mama ta riƙa kallon hoto tana faɗin sunan abin da ke ciki, tana ɗaukar kanta don ta ga yadda bakinta ke yi. An ba su katuna masu hoton ayaba da kyanwa. Mama ta watsar da su, da alama ta ga an mayar da ita 'yar firamare. Sai wata rana ta ga hotuna suna shigowa wayarta da kansu, hotunan shagonmu. Tun daga nan ba ta yarda da wasu ba. Ta kalli hoton ta kalla, sannan ta juya kyamara.

Na ce to don me take juya mini baya in na kira? Matar Yaya ta ce, "Haba Auta, ba ki san uwarki ba? Ba ta so ki ji ta da karyayyen harshe. Kowa ta yarda ya ji, ban da ke."

Ni da na ɗauka fushi take yi da ni.

Matar Yaya ta ƙara da cewa kwanan nan hotuna sun daina zuwa, Mama kullum sai ta miƙa mata wayar tana nuna allo da haɓa, wai a gyara. Ashe ba ni kaɗai kibiyoyin nan suka hana sakat ba.

Matar nan ita ke wanke Mama, ita ke juya ta, ita ke riƙe mata waya in hannun hagu ya gaji. Na taɓa cewa ba ta da fara'a. Yau na yi mata godiya har sai da ta ce in bari haka nan, kuɗin wayata zai ƙare.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mun gyara. Mai Firinta ta buɗe mini sabon asusu na aiki kaɗai, muka kwashe zane-zanen duka zuwa can, muka tabbatar sun isa kafin mu cire su daga tsohon. Na gyara layi ɗaya a kwamfuta, na duba waya, ga shi nan. Na sake gwadawa don kawai daɗin gani.

Ta ce, "Saura mu cire wayar Mama daga tsohon asusun." Na ce a bar ta. Ta kalle ni, ta bar ta.

Da aka samu wuri a ma'ajiyar, sai bidiyoyin da suka maƙale a can suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe Mama ba ta faɗi sunan komai ba. Girgiza wayar kawai take yi tana harararta. Ni na san a wajen wa na gaji wannan.

Talata, 14 ga Oktoba

Na ɗauki hoton guduma. Da yamma: "Gu... duma." Sau biyu kawai ta gwada.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Yanzu da gangan nake ɗauka. Buta, tsintsiya, taga, keken ɗinkin maƙwabta. Baba Kafinta ya gane abin da nake yi, shi ke nemo mini abubuwa. Yau ya kawo randa mai goge katako ya ce in gwada ta da wannan. Na ce Baba, so kake ta tsine mana? Ya ce in ta iya tsinuwa ai ta warke.

An kai kabad ɗin matar likita, ya shige ƙofa lafiya lau.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mama ta fara haɗa kalma biyu. Na sa hoton teburin cin abincina, ta ce, "Tebur... datti." Na duba, gaskiyarta. Na goge shi tas na sake ɗauka.

Ba ni da tabbas ko ta san ina gani. Matar Yaya ta rantse ba ta faɗa mata ba. Amma Mama ba yarinya ba ce. Teburin da ta ce datti ya dawo a goge.

Laraba, 22 ga Oktoba

Mai Firinta ta ce na ɗauki duk abin da ke unguwar nan ban da abu ɗaya. Na ce ta yi harkar gabanta. Ba na son hoto, kowa ya sani. Kuma in ta kalla ta juya fuska fa? In ta gwada sunana ya ƙi fita, ni ina nan ina kallo? Ba zan iya ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na ɗauki hoton kaina. A bakin shago, da ƙurar katako a gira. Ban ma yi murmushi ba. Na ga kibiyoyin sun juya sun tsaya, na kife wayar.

Babu komai har yamma.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bidiyon ya shigo da hantsi, ina tsakiyar awo. Na shiga bayan shago inda ake jingine katako na buɗe.

Ta gyara ɗankwali yau, har da kwalli. Wannan karon ba bakinta take kallo ba, cikin kyamarar take kallo sosai. Ta ja numfashi.

"Auta."

Fes, babu gargada. Allah kaɗai ya san sau nawa ta gwada ba tare da ta ɗauka ba. Ta ƙanƙance ido yadda take yi in za ta fara faɗa.

"Kin... rame."

Sai ta ɗaga hannun hagu ta yafito ni. "Zo."

Na gode wa Allah. Na gode wa matar Yaya, da Mai Firinta da ta riƙe mini hannu, har da ma'ajiyar da ta cika. Baba Kafinta ya leƙo ya gan ni, ya koma ya kunna injin yanka ba tare da akwai abin yankawa ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Gadon Mama na bukatar maƙari a gefe don ta riƙa kamawa in za ta tashi. Irin wannan awon ba a yin sa ta waya, dole mutum ya je da kansa. Abin da na faɗa wa Yaya ke nan.

Na sa tef ɗin awo a jaka, da kayan da za su yi mini mako biyu. Kwamfutar na bar ta a kan tebur.