Surukina Ba Ya Cin Girkin Kowa Sai Nawa

Gwaggo Kyauta, don Allah ki agaje ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Tun da ruwan dam ya cinye gonarmu ta Maradun muka dawo Mafara, Baba, mahaifin maigidana, ya sauya. Wai ma'aikatan da suka auna gonar sun haɗa baki da 'yan gida, ana sa masa guba a tuwo. Ko 'yarsa Husaina ce ta girka, ture akushin yake. Amma jam'i ba ya wuce shi, hirarsa garau. Ranar da na ga wuyansa ya rame, na kauda kunyar surukuta, na ɗanɗana miyar a gabansa, na ce na duba, tawa ba a sa komai ba. Ya cinye tas. Wata bakwai ke nan, girkina kaɗai yake ci.

To ga shi cikina na fari ya tsufa, iyayena a Damri na jirana goyon ciki. In na tafi, yunwa ta kashe shi. In na zauna, Innata ba za ta yafe ba. Kuka nake yi, Gwaggo.

Taki, Mai Tuwon Baba.

'Yata, share hawayenki. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi. Mutum yakan kafe kan abin da babu, alhali sauran hankalinsa lafiya lau. Wani ya ce ana bin sa, wani ya ce shi babban attajiri ne, wani ya zargi iyalinsa ba dalili. Gonar Baba kuwa da gaske ta tafi, baƙin cikinsa ba ƙarya ba ne.

Kin ceci ransa, amma da kika ce taki ba a sa komai ba, kin tabbatar masa ana sawa a ta wasu. Daina faɗin haka. Kada kuma a yi gardama da shi. Daga yau ku riƙa girki tare da Husaina inda zai hango ku, maigidanki ya sa hannu akushi ɗaya da shi. A nemi amininsa ya raka shi asibiti a Sakkwato cikin makon nan, kada a jira tafiyarki. Akwai magani, ana samun sauƙi, addu'a kuma a ci gaba.

Ki tafi Damri, haƙƙinki ne. Kafin ki fita, ki durƙusa ki gaya masa shi kuke so ya yi wa jaririn huɗuba, kuma kuna son ya zo da ƙarfinsa. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba Baba lafiyar ɗaukar jikansa.