Ba Hannun Baba Ba Ne, Fanka Ce Ta Mutu

Zuwa ga Alhaji mai shagon kwamfuta na Ikeja, wanda ya sayar mana da tamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Sunana Hajara, ina koyarwa a wata firamare a nan Agege. Ban ambaci sunanka ko na shagonka ba, don ba kasuwa na zo ɓata maka ba, kai dai ka san kanka. Na rubuto a fili ne saboda maganar da ta tsaya mini a rai a gaban mutane ka yi ta.

Mahaifina tsohon direban tirela ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗauko shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba. Bara ya gamu da shanyewar ɓarin jikinsa na dama. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ta ce lallai ya riƙa motsa yatsunsa. Aka ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa, ya ce shi ba jinjiri ba ne, ya cilla ta ƙarƙashin gado. Dalilin da ya sa ni da maigidana muka zo wurinka bayan Babbar Sallah ke nan, muka sayi kwamfuta 'yar tokunbo, wato kwancen ƙasar waje, ka haɗa mana da faifan wasan tseren mota.

Na farko, godiya. Dabarar ta ci. Mutumin da ke wuni bai ce uffan ba sai ga shi yana yi wa motocin cikin allo faɗa don sun wuce shi ba su ba da hannu ba. Ba ya gudu, tuƙi yake kamar yana ɗauke da shanu, kullum shi ne na ƙarshe, kuma alfaharinsa shi ne bai goge kowa ba. A hankali yatsun suka fara jin magana, har ya koma riƙe cokali da dama.

Na biyu, matsalar. Ana cikin wasa sai komai ya tsaya cak, ƙarar injin ta maƙale a wuri ɗaya, babu maɓallin da ke aiki. Wani lokacin ma ta mutu ta sake tashi da kanta.

Na uku, ranar da muka maido maka ita. Baba ya nace sai ya biyo mu. Ka jona ta a shagonka mai na'urar sanyaya ɗaki, ka yi ɗan zagaye ɗaya, ta yi lafiya lau. Sai ka yi dariya ka ce kayanka ba su da laifi, hannun tsoho ne ke danne maɓallai biyu a tare, a bar wa yara wasan. Na san raha ka yi, shi ma ya taya ka dariya. Amma da muka dawo gida bai sake zama a gabanta ba. Ya ajiye cokali, ya koma cin abinci da hagu, kuma sai ya rufe ƙofa don kada a gan shi. Wallahi, Alhaji, abin ya yi mini ciwo.

Na huɗu, abin da muka gano. Na zauna na buga wasan da lafiyayyun hannayena, ta daskare mini yadda take yi masa. Na zargi wuta, muka aro na'urar daidaita wuta, bai hana ba. Na goge faifan wasan, na yaye ƙyallen adon da mahaifiyata, Inna, ke lulluɓa mata saboda ƙura, wanda sai da muka kai ruwa rana kafin ta yarda. Duk da haka ba ta daina ba. Sannan na lura idan ina buga jarrabawar ɗalibaina sai ta wuni ba ta yi gardama ba, wasa kaɗai ke kayar da ita, kuma da rana ta fi saurin tsayawa a kan da safe. Na dafa bayanta, na ji zafi rau. Maigidana ya kwance murfin gefe, muka kunna muna kallo: babbar fanka tana juyawa, amma ƙaramar da ke kan ɗan allon da ke fitar da hoto ko motsi ba ta yi. Muka juyo mata fankar ɗaki, na yi ta tsere har la'asar ba ta tsaya ba. Sanyin shagonka ne ya rufa mata asiri. Mun sa sabuwar fanka, yanzu sumul take aiki, kuma ba na neman ka biya komai.

Na biyar, roƙona. Don Allah idan an maido maka kaya, ka gwada su daidai tsawon da mai su ya ce suna yi kafin su tsaya, ka kuma tambayi irin ɗakin da suke zaune. Mu nan rufin kwano ne a kanmu.

Roƙon da ya fi wannan: ka shigo motar haya ta danfo ka zo Agege, ko Juma'a ce bayan an sauko, Inna za ta yi maka tuwo. Ka zauna kusa da Baba ka gaya masa fanka ce ta mutu. Na gaya masa, na ma nuna masa matacciyar a tafin hannuna, ya yi murmushi ya ce 'ya ce ke lallashin ubanta. A wurinsa kai ne masanin kwamfuta. Daga bakinka ya ji cewa hannunsa ne, kuma ba zai yarda cewa ba hannunsa ba ne sai daga bakinka.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya ba ka tsufa mai lafiya, ya haɗa ka da masu tausasa maka harshe idan ka kai shekarunsa.

Wassalam.

Hajara, Agege, Legas.