Nonon da Na Hana Marainiya

Aboabo, Kumasi.

Zuwa ga Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ban yi miki saƙon murya ba, don na san halinki, a tsakar gida kike kunnawa kowa ya ji. Direban motar Bawku zai kawo miki wannan.

Ƙanwarmu Basiratu ta haihu da safe lafiya. Ta ga 'yar, har ta yi dariya ta ce hancin Abdul-Fatawu ta kwaso kaf, ko kaɗan ba ta rage wa uban ba. Jini ne ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa, hannunta cikin nawa. Har yau in na dama koko sai na ɗebi nata a kofi kafin in tuna.

To, za ki ji magana a kaina. Da aka dawo daga jana'iza, Mma Lariba, uwar mijinta, ta ɗauko jaririyar a gaban mata ta ce sa'a ta zo, tunda ban daɗe da yaye ɗana Sulley ba, ni zan shayar da ita, su tashi wa da ƙanwa. Na ce nonona ya ƙafe. Kin san tsohuwar nan, ba ta jin kunyar kowa. Ta sa hannu cikin rigata ta matsa, sai ga shi ya jiƙa min gaba. Ta ɗora min yarinyar a cinya. Yaya, bakinta na ta lalube, kamar ta san ni. Na miƙa musu ita na fita.

Yanzu madarar gwangwani suke ba ta da cokali, kuma ba ta karɓe ta sosai ba. Mma Lariba ta ce ta taɓa ganin mai rowar gishiri, amma mai rowar nono sai a kaina. Wata ta ce wai miji nake nema, ba na son nonuwana su zube.

Kada ki yanke min hukunci tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Taki ƙanwa,
Barakatu

Aboabo, Kumasi.

Yaya Azumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jikin da sauƙi. Sulley yana gaishe ki.

Faɗan da kika yi min a waya na ji shi duka. Kin ce da Inna tana raye da ta tsine min. Na yi shiru ne don akwai masu sayen koko a gabana. Ga amsar, ki karanta ke kaɗai.

Ina da cutar ƙanjamau. A wurin awon cikin Sulley aka gano. Buraima mijina ba taifot ne ya kashe shi ba, kamar yadda muka ce. Na roƙe shi mu je asibiti tare, ya ce gara a ɗauki gawarsa da a gan shi a layin masu karɓar maganin nan. Haka kuwa aka yi. Allah ya jiƙansa, ba na riƙe da shi.

Ni na sha magani tun ina da ciki har na yaye, kuma an gwada Sulley, lafiyarsa ƙalau. Basiratu kaɗai ta sani. Ita take raka ni asibiti a Bantama, ta ce wa mutane kasuwa za mu.

Sai 'yar unguwarmu ta kafa teburin wake da shinkafa daidai ƙofar da muke shiga karɓar magani. Sau biyu ina zuwa, in hango ta, in juya in hau motar haya in dawo. Kin san Zongo: wanda aka ce yana da ita, ko gishirinsa ba a ara, balle a sha kokonsa. Da me zan ciyar da yaro? Watanni ke nan ban sha ko ƙwaya ba. Na ɓoye wa Basiratu ma, don cikinta ya tsufa.

Nas ta taɓa gaya min, in na bar magani cutar za ta taso, nono kuma yana iya kai ta ga jariri. To ki faɗa min, Yaya, in ba 'yar Basiratu wannan nonon don a ce min mutuniyar kirki?

Amma yarinyar tana ramewa. Jiya na je, kukanta ma ba ƙarfi. Zaratu maƙwabciyarsu tana da goyo, ta so ta karɓe ta, Mma Lariba ta hana. Ta ce bare ba za ta shayar da jikarta ba alhali 'yar'uwar uwa na zaune da nono. Wai a bar ni, kunya za ta kawo ni. Ni ake jira, ita ke jin yunwar. Gobe suna. Ban san abin da zan yi ba.

Taki,
Barakatu

Aboabo, Kumasi.

Yaya Azumi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Direba ya ce ya ba ki wasiƙata hannu da hannu. Ban ji daga gare ki ba, wayarki ma ba a ɗauka. Ba komai.

An sa wa yarinya sunan uwarta. Ranar sunan na so in keɓe da Mma Lariba, ta ce ba ta da sirri da marowaciya, in faɗa a nan. Ɗaki cike da mata. Na dubi yarinyar, wuyanta kamar zare, sai na faɗi ciwona a nan ɗin.

Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi. Wadda ke kusa da ni ta janye zanenta a hankali. Kwanon da na sha ruwa, na ga an kife shi bayan ƙofa. Mma Lariba ta ce a kira Zaratu.

Sai kuma tsohuwar ta kafe, ta ce yanzu ba nonon da zai shiga bakin jikarta sai an gwada mai shi. Zaratu ta ce tana son lada, amma wallahi ba za a gan ta a ƙofar asibitin nan ba, mijinta zai ji kafin ta iso gida. Muka koma gidan jiya.

Da safe na je na sami Zaratu. Na ce ni dai an riga an san ni, ba abin da ya rage min na ɓoyo. Na ce ta riƙe min jaka, duk wanda ya tambaya ta ce mara lafiya ta rako. Ta yi ta ƙunƙuni har Bantama, wai na ja ta cikin tsiyata. A ƙofa na tsaya gaban mai wake da shinkafa na gaishe ta da sunanta, na ce magani na zo karɓa. Ta ce Allah ya ba da lafiya, ta ci gaba da zuba miya. Abin da na yi watanni ina gudu ke nan.

An gwada Zaratu, lafiyarta ƙalau. Ranar ta fara shayar da yarinyar. Ni kuma nas ta yi min faɗa son ranta, ta mayar da ni kan magani.

Koko kam rabin tukunya nake dawowa da shi gida, na rage gero. Amma makon nan mata biyu sun zo, kowace daban, ba da kwano ba. Cewa suka yi in zan koma asibiti su ma suna so su raka ni. Ban tambaye su komai ba.

Tun ranar suna ban taɓa yarinyar ba, ba a kuma ce in taɓa ba. Shekaranjiya na je na tsaya daga bakin ƙofa. Mma Lariba tana mata wanka, tana ƙorafin bayanta. Ba ta kalle ni ba, ta ce in ba zan ba da nono ba, hannuna ma ya ƙafe ne? Na karɓe ta. Ta yi nauyi, Yaya. Kumatun Basiratu ne sak, ba hancin uban kaɗai ba. Kuka ya hana ni gama wankan.

Sadakar arba'in ta matso. Ɗakina na nan, kofinki mai fure ma na nan inda kika bar shi. In kin fi so ki zo da naki, ba zan ji haushi ba. Ki zo dai. Mu biyu muka rage.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanwarki har kullum,
Barakatu