Ba Ni Na Aiko Miki Saƙon Nan Ba

Zuwa ga Ummulkhairi, sanyin idona, inuwar da nake nema idan rana ta take a fadama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan su Baba da Inna suna lafiya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan rabona da muryarki. Ina ban ruwa a gonar albasa, ruwan madatsar Tiga yana jiƙa ko'ina, ni kuwa ƙishirwar da ke damuna ba ta ruwa ba ce. Kin toshe lambata, ban ga laifinki ba. Shi ya sa na ɗauki biro, na roƙi Yaya Hasana da ke aure a nan Dangora ta miƙa miki hannu da hannu.

Na san abin da ya shigo wayarki da sunana, saƙon neman hotunan da mai mutunci ba ya nema. Wallahi ba ni ba ne.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi wani jan rubutu ya rufe fuskar wayata, wai cuta ta shige ta, in kira wata lamba kafin komai ya goge. Komai? Har da saƙonnin muryarki da nake saurara ina aiki? Tsoro ya hana ni tunani, na kira. Wani ya ɗauka da ladabi, ya ce shi injiniyan kamfanin waya ne. "Kwantar da hankalinka, Malam. Sauke wannan manhaja, ka karanto min lambobin da suka fito." Na yi duk abin da ya ce. Sai ga wayar tana motsi a tafin hannuna ban taɓa ta ba, tana buɗe hirarmu, wadda ko ɗan'uwana bai taɓa gani ba. Na ce, "Me ya kai ka nan?" Ya ce, "Gyara ne, kada ka kashe." A nan na farga. Na kashe ta, na cire layin, na hau babur sai Bebeji wurin Mujitaba mai gyaran waya. Ya ce kamfani na gaskiya ba ya tsorata mutum ya ce a kira shi, kuma ba ya tambayar lambobin sirri. Ya wanke wayar tas, muka canja kalmomin sirri, amma sai da muka kwana biyu kafin WhatsApp ɗina ya dawo hannuna. A kwanakin nan ne 'yan damfarar suka rubuta miki da sunana.

Muryarki kuwa ta tafi a wankin. Abin da na ji tsoron rasawa, garin tsoron na rasa shi.

Kin tuna ranar da na fara zuwa zance zaurenku, na kasa ɗaga kai, gumi na keto min? Kika ce, "Malam Alasan, kunya ce ko albasar ce ta biyo ka?" Farin watana, mutumin da ya kasa kallon fuskarki ranar nan, yaya za a yi ya rubuta wancan?

Suna da lambarki yanzu. Duk wanda ya kira da sunan gyara, ki katse, kada ki karanta masa komai.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo in durƙusa gaban Baba, in faɗa masa wautata da bakina. Idan kin fito, na gode Allah. Idan ba ki fito ba, akwai wata Juma'ar, kuma zan dawo.

Naki, muddin ina numfashi,
Alasan