Allura ta Huɗu

Zuwa ga yayata, Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga yayarsa, ina fata Allah ya sa kina cikin rahamarsa a inda kike. Mutanen gida duk lafiya. Maigidanki Malam Isiyaku yana nan, ya ɗan rame. An yi sadakar arba'in ɗinki ran Juma'a a Kabo, an taru, an yi addu'a, an watse.

Na san ba ki taɓa karanta boko ba, ko a lokacin da kike da ido. Wasu ne za su karanta wannan takarda, ba ke ba. Ban damu ba, su karanta. Da ke nake magana.

Ban yi kuka ba, Yaya. Gara in fara gaya miki wannan. Ranar da aka aiko Gwarzo, inda nake aiki, cewa kin cika, ina zaune ina duba jinin wani mutum. Na gama dubawa, na rubuta abin da na gani, na wanke hannu, sannan na hau keke. Na yi miki salla, na zuba ƙasa, na zauna a tabarma ana yi mini gaisuwa ina amsawa. Da aka kawo tuwo na ci. Tun ranar nake jiran in ji wani abu a ƙirjina, har yau shiru.

Kin tuna cewa da shanu na fara. Shekara uku ina malamin dabbobi, muna bin rugage daga Kara zuwa Mainika. Sai mu tsaga kunnen saniya kaɗan, mu ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, in sa a ƙarƙashin madubin likita in leƙa. A nan na fara ganin ƙwayar sammore, wani ɗan abu siriri kamar ƙaramin kifi, yana ta wutsil-wutsil a cikin jinin. Saniyar da na ga wannan abu a jininta na san ƙarshenta. Za ta rame, gashinta ya tashi, wata rana ta kwanta ta kasa miƙewa.

Baturen dabbobi ne ya gaya mana cewa ɗan'uwan wannan abu yana shiga jikin mutum, kuma ƙuda ɗaya ne ke kai su duka, ƙudan tsando na bakin rafi. A mutum shi ake kira ciwon barci. Da likitocin mutane suka fito binciken ciwon ƙauye-ƙauye, sai suka nemi waɗanda idonsu ya riga ya saba da madubi. Haka aka ɗauke ni daga shanu aka kai ni wuyan mutane.

Ba magani kaɗai ya kawo su ba. Suna so su san inda ciwon yake, da wa yake kamawa, da yawan allurar da jiki zai iya ɗauka. Komai sai an rubuta a wani babban littafi. A lokacin ina ganin babu aikin da ya fi wannan daraja.

Bayan an gama girbi muka sauka Kabo. Dagaci ya sa aka yi shela kowa ya fito, babba da yaro, a taɓa wuyansa. Mutane suna tsoro, wasu suka shige rumbu, wasu suka tafi ziyarar da ba su yi niyya ba. Ana gobe za a fara, Malam Isiyaku ya same ni bayan la'asar, ya roƙe ni in bar ki a gida. Ya ce ai ba ki kwanta ba. Gaskiya ya faɗa. Ciwon kai ne kawai ke damun ki, da ɗan kumburi a bayan wuya, da gyangyaɗi da rana tsaka. Kina daka, kina ɗebo ruwa a rafi, kina saƙa faya-fayan nan naki masu ja da kore waɗanda ake nema har kasuwar Gwarzo. Na ce masa ba zan iya ba, doka ce, kuma don lafiyarki ne.

Da safe aka jera mata a bayan zana a gindin tsamiya. Aka taɓa wuyanki aka ji kaluluwa, aka soka ƙaramar allura aka zuƙo ruwanta, aka miƙo mini gilashin. Kina zaune a gabana da auduga a wuya, kina yi mini murmushi don kin ga ƙanenki da farar riga. Na leƙa. Abin nan na sammore yana nan, guda biyu, suna motsi kamar yadda na saba gani a jinin shanu.

Da na goge gilashin da babban yatsana, ba wanda zai sani. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye miki ba. Sai na ɗaga hannu na kira Baturen likita ya zo ya gani.

Da yamma na zo gida na yi miki bayani. Na ba ki labarin shanun da na gani suna ramewa, na ce abin da ke jikinsu ne ke jikinki, in ba a kashe shi ba shi zai kashe ki. Kika saurare ni har na gama, kina jan zaren kaba, sannan kika ce, "Auta, ni fa ba saniya ba ce." Kika yi dariya. Amma kika ce za ki je.

Allurar maganin a jijiya ake yin ta, duk bayan kwana biyar. An gaya mana tun farko cewa maganin yakan taɓa idon wasu, saboda haka kafin a soka wa kowa sai an tambaye shi yadda yake gani, in ya ce da matsala a tsaya. Da yake ni ɗan gari ne, ni aka ɗora wa tambayar. Ina tsaye a bakin rumfa da littafi, kowa ya zo in ce yaya ido, ya ce lafiya, in sa alama, ya wuce.

Kin zo ta farko, na tambaye ki, kika ce lafiya lau. Ta biyu haka, ta uku haka. Kumburin ya sace, ciwon kan ya tafi, na riƙa nuna ki ga masu tsoro ina cewa ga yayata nan, ku dube ta. Kin zo ta huɗu kika ce lafiya lau. Kin zo ta biyar kika ce lafiya lau.

Kwana biyu bayan ta biyar kika ɗauko tulu za ki juye a randa, kika zuba ruwan a ƙasa gefenta. Kika tsaya da tulun a hannu. Kafin wata ya mutu ba kya bambanta rana da inuwa.

Baturen ya zo har gida. Ya haska idonki da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa, ya ce a tsayar da allurar. Fuskarsa ta nuna abin ya dame shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya buɗe littafin ya ce in faɗa masa sunanki da shekarunki da yawan allurar da aka yi miki. Na faɗa, ya rubuta. Layi ɗaya kika ci.

Daga baya aka sake tsari. Aka ce kada a tsaya kan tambaya kawai, a riƙa ɗaga yatsu daga gefen fuskar mutum ya faɗi nawa ne, aka kuma rage ƙarfin allurar farko. Bayan wasu shekaru aka kawo wani magani dabam. An gaya mana a wajen kwas cewa daga abin da aka rubuta a littattafan nan aka gane gyaran. Na san mutane da yawa sun tsira da idonsu saboda haka. Na ɗaga wa dubban mutane yatsu tun daga lokacin. Nakan gaya wa kaina wannan, ina jin sa kamar labarin wani gari.

Abin da littafin bai iya gaya mini ba shi ne me zai faru da na goge gilashin. Akwai matar da ta ɓuya a rumbu a unguwarku da irin kumburinki, tana nan da ranta har yau, tana tsince tsakuwa a shinkafa da idonta. Akwai kuma wani manomi a Kutama da ya gudu, bayan shekara biyu yana barci da loma a baki, haka ya tafi. Ban san wanne daga cikinsu za ki zama ba. Na tambayi likitoci uku a tsawon aikina, duk suka ce ba wanda zai iya sani.

Shekara ashirin da ɗaya kika yi a cikin duhu, ba ki taɓa ɗaga mini maganar ba. Kika ci gaba da saƙa da lalube, sai dai kin daina sa launi, faifanki ya koma fari sol. In na zo gaishe ki, tun daga zaure kike gane ƙarar kekena. Sai ki ce, "Matso in duba ka, malamin wuya," ki kama wuyana da yatsu biyu ki lallatsa, ki ce ba ni da komai sai rashin cin abinci. Da wata maƙwabciya ta ce a gabanki ƙanenki ne ya kai ki aka makantar da ke, kika ce mata ta tashi ta bar miki gida, ba ta sake shigowa ba sai da ta ba da haƙuri.

Ni kuwa na zauna da abin da na ɗauka shi ne gaskiya, cewa ciwon idon ya faɗo miki ne rana ɗaya, ba wanda ya ga zuwansa. Da wannan na rayu.

Ran Juma'ar nan, bayan an watse, Malam Isiyaku ya raka ni har bakin hanya. Ya tsaya ya ce akwai amanar da kika ɗora masa, kika ce kada ya faɗa sai bayan ranki, in ya ga dama ma ya bar ta. Ya ce tun daren allura ta uku kika gaya masa kina ganin hayaƙi a gefen ido, kamar an hura ɗanyen itace a ɗaki. Ya ce zai je ya faɗa, kika hana shi. Ga abin da ya ce kin faɗa: "In na ce maganin ya taɓa mini ido, gobe ba mai zuwa layi. Kuma Auta ne zai sha kunya a garinsu."

Ya ce kafin ta biyar sai da kika ƙirga taku daga ƙofar gida zuwa rumfa, don kada in ga ana jan ki.

Na ce masa to. Na yi masa godiya. Tayar kekena ta baya ta yi sanyi, na tsuguna na ba ta iska, na hau na dawo Gwarzo. A hanya na tsaya na sayi rake.

Ga abin da ban gaya wa Malam Isiyaku ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ranar allura ta huɗu, da kika shigo rumfa, na ga kin miƙa ƙafa kina neman benci kafin ki zauna. Na gani, Yaya. Idona ne aka ɗauke ni aiki dominsa, ina ganin abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta sau dubu. Na ga ƙafarki tana lalube, na ce yaya ido, kika ce lafiya lau, na sa alama. Mutane suna jere a bayanki suna kallon mu. Ban sake tambaya ba.

Ban san ko a ranar na gane abin da na gani ba. Wani lokaci ina ganin ban gane ba, wani lokaci ina ganin na gane na kau da kai. Kwana huɗu ke nan ina juya abin, kuma ko a nan ban ji zafin da ya kamata in ji ba. Kamar hannun da aka kwanta a kansa, ina taɓawa, na san nawa ne, amma ba na jin sa.

Ke kika goye ni bayan rasuwar Inna. Ke kika riƙa tauna mini gyaɗa kina sa mini a baki. Kin ga ya dace ki ƙara mini da idonki, ba ki yi shawara da ni ba. Da kin tambaye ni, da na ce ki bar ni in sha kunyar. Ina so in yarda haka zan ce.

Gobe za mu fita wani ƙauye a yamma da Kutama, an ce shanu suna mutuwa a bakin rafinsu, likita yana so a duba mutanen wurin. Zan je. Ban iya wani aiki ba.

Ki yafe mini, Yaya. Na san za ki ce ba abin yafewa, amma ki yafe duk da haka.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya karɓi haƙurinki. Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka kabarinki. Ya sa abin da za ki fara buɗe ido ki gani ya zama Aljanna. In ya ga dama ya haɗa mu a can, ki ga yadda na tsufa.

Ni ne ƙanenki,
Auta.